Sanarwa Ta Shiga Kunne, Ta Kai Tukunya Kuwa?

 

A daminar da ta wuce mun binne wani dattijon ikilisiyarmu. Shekarunsa ba su kai sittin ba. Da safe ya tafi gona da ƙafarsa, kafin azahar aka dawo da shi a amalanke, bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Kwana huɗu ya yi a asibiti. Da na je gidansa gaisuwa, aka shigar da ni ɗakinsa, sai idona ya faɗa kan wata takarda manne a bango, irin wadda ma'aikatan lafiya suke rabawa. An zana zuciya da jan launi, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa a rage gishiri, a riƙa auna jini. Takardar har ta koɗe don daɗewa. A kan gadonsa kuma ga akwatin rediyonsa, wanda ba ya rabuwa da shi ko a gona. Na tabbata ya ji sanarwar hawan jini fiye da sau ɗari. Amma matarsa ta gaya mini bai taɓa miƙa hannu an auna shi ba, kuma ba ya sa hannu a tuwo sai an ajiye masa gishiri a gefen kwano.

Da a ce waɗanda suka buga takardar nan sun zo ƙidaya, da sun sa shi cikin mutanen da saƙo ya kai gare su. Ba su yi ƙarya ba kuwa, gama saƙon ya kai har bangon ɗakinsa. Tun daga ranar nake juya wannan tambaya a raina: ta yaya ake sanin cewa sanarwar lafiya ta yi aiki? Tambayar ta shafe ni, domin ni ma aikina magana ce a rediyo. Ta shafe ka kai ma, domin kullum muryoyi suna shiga kunnenka a kan abin da za ka ci da abin da za ka bari, kuma ba duka ne suke faɗin abu ɗaya ba.

Kafin mu ci gaba, bari mu san girman abin da muke magana a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da na hanyoyin jini su ne suka fi kashe mutane a duniya. Ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 sun kashe mutum miliyan 17.9, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke. Saboda haka wanda ya ce maka wannan ciwon Turawa ne, ko ciwon masu kuɗi, labarinsa ya tsufa. Yadda abin yake faruwa kuwa ba shi da wuyar ganewa. Gishiri mai yawa yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙara ƙarfin bugun hanyoyinsa, shekara da shekaru, har wata rana wata hanya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa. Shi ne shanyewar ɓarin jiki. Kitsen dabba mai yawa kuma yana ƙara wani maiƙo a cikin jini wanda likitoci suke kira kolestarol, shi ne yake taruwa a bangon hanyoyin jini kamar yadda laka take cike magudanar ruwa, har hanyar da take ciyar da zuciya ta toshe. Taba tana ƙara wa abin muni. Duk wannan yana tafiya a hankali, ba zafi, ba zazzaɓi.

Yawancinku kun san labarin da yake a sura ta fari ta littafin Daniyel. Dalilin da ya sa Daniyel ya ƙi abincin sarki ba tsoron ciwon zuciya ba ne, kada mu ɗora wa Nassi abin da bai faɗa ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne yadda ya warware gardamar da ta taso. Wanda yake lura da su ya ji tsoro kada su rame. Daniyel bai tsaya jayayya ba. Ya roƙa a gwada su kwana goma da ganyaye da ruwa, sa'an nan a dubi fuskokinsu, a gwama da na samarin da suke cin abincin sarki. Ka ga abu uku a nan: an sa wa'adi, an sa abin da za a duba, an kuma ajiye waɗansu mutane a gefe domin gwamawa. Har yau a kan waɗannan ne masu binciken lafiya suke tafiya. Sai dai ciwon zuciya ba a ganinsa a fuska, kuma kwana goma ba su isa ba. Mutum yana iya yin ɓulɓul, fatarsa tana sheƙi, mutane suna cewa hutu ya karɓe shi, alhali jininsa yana gab da kā da shi.

Abin da ya faru a Kareliya ta Arewa

Bari in kai ka wata ƙasa mai nisa, mai tsananin sanyi, a arewacin Turai. Sunanta Finlan. A gabashinta, kan iyaka da Rasha, akwai lardin da ake kira Kareliya ta Arewa, ƙasar dazuzzuka da tafkuna, mutanenta a lokacin kamar 180,000. Mazan wurin masu saran katako ne da ƙananan manoma masu kiwon shanun madara, mutane masu aikin ƙarfi tun safe har yamma. Duk da haka, wajen ƙarshen shekarun 1960 an gano cewa yawan mutuwar mazansu ta ciwon zuciya yana cikin mafi muni da aka taɓa ƙidayawa a duniya. Magidanta masu shekara arba'in da hamsin suna faɗuwa a daji, suna barin mata da ƙananan yara.

Me suke ci? Man shanu a kan burodi, madara mai kauri, naman alade mai kitse, kifi da aka adana da gishiri. Da yawansu suna ganin ganye abincin dabbobi ne. Fiye da rabin mazan suna shan taba.

A shekarar 1971 shugabannin lardin, da gwamnansu da wakilansu na majalisa, suka rubuta wa gwamnatin ƙasa takardar koke suna neman taimako. Ka lura da wannan, mai karatu: mutanen ne da kansu suka yi kuka, ba wani baƙo ne ya zo da mota ya gaya musu suna da damuwa ba. A shekarar 1972 aka fara aikin, aka ɗora wani matashin likita, Pekka Puska, a kansa. Bai kai shekara talatin ba.

Abin da suka fara yi shi ne abin da yawancin masu wayar da kai suke tsallakewa. Kafin su buɗe baki, sai da suka auna. Suka zaɓi dubban mutane ta hanyar ƙuri'a, don kada a ɗauko masu sha'awar abin kaɗai, suka auna jininsu, suka auna kolestarol, suka tambaye su ko suna shan taba da abin da suke shafa wa burodi. Suka yi daidai wannan awo a lardin Kuwopiyo da yake maƙwabtaka da su, inda ba za a yi aikin ba, domin ya zama abin gwamawa. Bayan shekara biyar, a 1977, suka sake aunawa. Haka suka ci gaba, kowace shekara biyar.

Sa'an nan aka shiga aiki. An yi amfani da rediyo da jaridu da takardun bango, kamar yadda muka saba gani. Amma ba a tsaya nan ba. Akwai wata tsohuwar ƙungiyar matan gida a ƙasar mai suna Martta, wadda take da rassa har a ƙauyuka. Duk lokacin da na karanta labarinsu sai in tuna da zumuntar matanmu. Su ne suka riƙa tara iyalai da yamma, ana dafa abincin gargajiyar da kowa ya sani, amma an rage kitse da gishiri an ƙara ganye, kowa ya ɗanɗana da bakinsa. An zaɓi mutanen da ake jin maganarsu a ƙauyuka an koya musu. Ma'aikatan jinya suka buɗe littafin sunayen masu hawan jini, suna bin sawunsu. Aka je wurin masu gasa burodi da masu sarrafa nama da masu kamfanin madara, ana lallashinsu su rage gishiri da kitse.

Akwai wata matsala da ta fi kowace wuya. Man shanun nan da ake cewa a bari, shi ne abincin manoman, shi ne kuma kuɗinsu. Yaya za ka ce wa mutum ya daina cin abin da yake sayarwa ya biya bukatun gidansa? Masu aikin ba su kawar da kai ga wannan ba. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara taimaka wa waɗansu manoma su koma noman ƙananan 'ya'yan itatuwa da suke jure sanyin ƙasar. Aka kuma bunƙasa man girki na wani tsiro mai rawayan fure da yake yi a can, domin wanda ya bar man shanu ya sami abin da zai koma wa, na ƙasarsa, ba na waje mai tsada ba. Gwamnati ita ma ta sa hannu: ta yi dokar taba a 1976, a 1993 kuma ta tilasta a rubuta gargaɗi a jikin abincin kanti mai gishiri da yawa. Har gasa aka yi tsakanin ƙauyuka, a ga wane ƙauye ne zai fi rage kolestarol.

Ga abin da awo ya nuna. A 1972, kusan mutum tara cikin goma man shanu suke shafa wa burodi. Bayan shekara talatin da 'yan kai, masu yin haka ba su kai ɗaya cikin goma ba. Hawan jini ya sauka, kolestarol ya sauka, masu shan taba cikin maza suka ragu. Cikin shekara arba'in, mutuwar ciwon zuciya tsakanin maza masu shekara 35 zuwa 64 a lardin ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Masu binciken sun lissafta cewa kamar kashi biyu cikin uku na wannan raguwa ya zo ne daga waɗancan abubuwa uku, wato jini da kolestarol da taba. Sauran ya zo ne daga waɗansu dalilai, har da ingancin magani da aikin asibiti.

To, da a nan na tsaya, da ka tafa hannu ka ce magana ta ƙare. Amma ka tuna da Kuwopiyo, lardin da aka ajiye don gwamawa. Da aka duba bayan shekara biyar na farko, gaskiya ne mutanen Kareliya sun fi sauya halin cin abinci da shan taba. Amma mutuwar ciwon zuciya ta ragu a lardunan biyu duka, bambancin da yake tsakaninsu kuma bai fito sarai ba. Har ɗaya daga cikin waɗanda suka yi binciken ya fito fili a 1987 yana tambaya ko aikin ne da kansa ya rage mutuwar. Masu kāre aikin suka amsa cewa magana ba ta san iyakar lardi ba: mutanen Kuwopiyo suna karanta jaridun nan, suna kallon talabijin ɗin nan, kuma daga 1977 an baza aikin ga ƙasa duka. Amsar tana da ƙarfi, ni ma na karkata gare ta. Duk da haka ina girmama wanda ya yi tambayar. Mutumin da zai dubi aikin hannunsa, wanda duniya take yabo, ya ce a dakata a sake lissafi, irinsa ne ya kamata a ba amanar lafiyar jama'a.

Rediyo kaɗai yana iya wani abu?

Wannan tambaya ta fi damuna, ka san dalili. A shekarar da aka fara aikin Kareliya, wato 1972, masana na Jami'ar Stanford a Amurka suka gwada ta a garuruwa uku na jihar Kalifoniya. Garin Gilroy ya sami sanarwa ta rediyo da talabijin da jarida da wasiƙu. Garin Watsonville ya sami wannan duka, aka kuma zauna ido da ido da mutanen da suka fi shiga hatsari ana koya musu. Garin Tracy ba a yi masa kome ba. Bayan shekara biyu, hatsarin ciwon zuciya ya sauka a garuruwa biyun farko, ya ɗan hau a na ukun. Inda aka zauna ido da ido an fi saurin sauyawa, an kuma fi barin taba, amma a ƙarshen shekara ta biyu garin da ya sami sanarwa kaɗai ya kusa kamo shi. Da na karanta wannan na ji daɗi ƙwarai.

Daɗin bai daɗe ba. An sake yin irin gwajin da girma a yankin Minesota, garuruwa shida, daga 1980 har shekara goma sha uku. An kashe kuɗi mai yawa. A ƙarshe bambancin da aka samu tsakanin garuruwan da aka yi wa aiki da waɗanda ba a yi wa ba kaɗan ne, domin su ma waɗancan lafiyarsu tana gyaruwa da kanta, tare da sauran ƙasar. Da ba a ajiye garuruwan gwamawa ba, da an buga ganga an ce an yi nasara babba. Ruwan sama ne ya shayar da gonakin duka, mai bokiti yana shirin karɓar godiya.

Baki yana iya ruɗi, fitsari ba ya yi

Ka gafarce ni da wannan magana, amma dole in faɗe ta. In ka tambayi mutum ko ya rage gishiri, zai ce maka ya rage, musamman in ya san amsar da kake so ke nan. Ba lalle ƙarya yake yi da gangan ba, shi kansa bai san yawan abin da yake ci ba. Amma kusan duk gishirin da mutum ya ci ta fitsari yake fita. Saboda haka masu bincike na gaske sukan ba mutane gora su tara fitsarinsu na sa'a 24, a auna.

Haka aka yi a Birtaniya. A 2004 hukumar kula da abinci ta ƙasar ta fara babbar sanarwa a kan gishiri, har da hoton wani ƙaton dodon koɗi marar ƙwanso a talabijin, tun da kowa a can ya san gishiri yana kashe shi. Mutane da yawa sun ga tallar, sun kuma tuna da ita. Awon fitsari ya nuna gishirin da babban mutum yake ci a rana ya sauka daga giram 9.5 a 2003 zuwa giram 8.1 a 2011. Sai dai a ƙasar, wajen kashi uku cikin huɗu na gishirin da ake ci yana zuwa ne a cikin abincin da aka saya a shirye, kamar burodi da abincin gwangwani. A lokaci guda da sanarwar, hukumar ta matsa wa kamfanoni su riƙa rage gishiri kaɗan kaɗan, yadda harshe ba zai lura ba. Masana da yawa suna ganin wannan ne ya yi babban aikin. Mutane sun rage gishiri ba tare da sun sani ba.

A wurinmu abin ba haka yake ba, shi ya sa bai kamata a kwaso sanarwar wata ƙasa a juya ta da Hausa kawai a ce an gama ba. Yawancin gishirinmu daga hannun mai girki yake shiga tukunya. Ta wannan wajen mun fi kama da ƙauyukan ƙasar Sin, inda aka yi wani babban gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2021. Ƙauyuka 600, mutum kusan 21,000, yawancinsu tsofaffi masu hawan jini ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Aka raba ƙauyukan biyu ta ƙuri'a. Rabi suka ci gaba da gishirinsu. Rabi aka ba su wani gishiri da aka cire kashi ɗaya cikin huɗu nasa aka sa sinadarin potasiyam a madadinsa. Bayan kusan shekara biyar, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a ƙauyukan da aka sauya wa gishiri, mutuwa kuma ta ragu da kashi 12. Ba a roƙi kowa ya bar abincin da ya saba ba, abin da yake cikin kwanon gishiri kaɗai aka sauya. (In ka ci karo da irin wannan gishiri a kanti, mai ciwon ƙoda kada ya taɓa shi sai da izinin likita.)

Mu dawo gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da duk abin da ya ci tun safe har dare. Yara kuma ƙasa da haka. Yawancin mutanen duniya suna cin ninkin wannan. Sanarwarmu takan ce "a rage gishiri" ta yi shiru. Uwargida ta ji, ta rage ɗan abin da take barbaɗawa, sai miya ta yi lami, sai ta ƙara dunƙule biyu don ta gyara. Ba wanda ya gaya mata cewa dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Ba wanda ya gaya mata cewa kanwar da take sa wa wake da miyar kuka ita ma tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da yake sa gishiri ya hau da jini. Ga busasshen kifi, ga burodin safe, ga yajin tsire da ƙosai, ga taliyar leda da yara suke so. Ta yi biyayya ga sanarwa da zuciya ɗaya, amma gishirin gidan bai ragu ba.

Akwai kuma saƙo biyu da suke karo a kunnen mutane. Shekaru da yawa ana gaya mana mu sayi gishiri mai aidin don maganin maƙoƙo da lafiyar ƙwaƙwalwar yara. Gaskiya ne. Yanzu kuma ana cewa a rage gishiri. Shi ma gaskiya ne. Na taɓa jin wata baiwar Allah tana cewa masu asibiti ba su san abin da suke so ba. Ban ga laifinta ba. Da an haɗa mata maganar wuri ɗaya, cewa gishirin ya zama mai aidin amma ya zama kaɗan, da ba ta ruɗe ba.

Sa'an nan a tambaya, wa yake jin sanarwar, wa kuma yake da iko a kan tukunya? A gidaje da yawa rediyo yana hannun maigida a ƙofar gida, uwargida tana madafa. Ita ce mai girki, amma shi ne mai ba da kuɗin cefane, shi ne kuma mai ture kwano in miya ba ta yi masa ba. Ya ku magidanta, ku ji wannan da kyau. Mace ba za ta rage gishiri ba in ta san faɗa ne zai biyo baya. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har abincin da ka saba ci a dā ya zama maka ya cika gishiri. Makonnin nan na farko, haƙurinka ne ake bukata. Ga daddawa, ga albasa da tafarnuwa da citta da kimba, waɗanda kakanninmu suka yi miya mai daɗi da su tun kafin a san dunƙule.

In kuma an ce maka ka ci 'ya'yan itace kullum, aka nuna maka hoton tufa da inabi, kada ka ce wannan ba naka ba ne. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa, kabewa, wake, gero da dawa da ba a cire musu dusa duka ba, gwaiba da mangwaro a lokacinsu, duk suna cikin abin da ake nufi. Mai zanen ne bai zo kasuwarku ba.

Ma'aunin da muka gwada hukumomi da shi, da shi za mu gwada mai tallar magani da yake zagaya kasuwa da lasifika a kan mota, da saƙonnin da ake turo maka ta WhatsApp. Yakan kawo mutum ɗaya ya ba da shaida cewa ya sha ya warke. Tambaye shi, an auna jinin mutumin kafin ya sha? An auna bayan ya sha? Mutum nawa ne suka sha ba su warke ba, ina suke? Waɗanda suka mutu ba sa zuwa ba da shaida. Kwalba ɗaya da aka ce tana maganin hawan jini da ciwon suga da basir da rashin haihuwa, ni dai ba zan ba ɗana ba. Ban ce duk abin gargajiya banza ne ba. Soɓorodo, alal misali, an gwada shi a ƙananan gwaje-gwaje an ga yana ɗan saukar da jini, in ba a cika shi da sukari ba. Amma ba a nuna cewa yana maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta ba. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini, kada ya bari don ya ji sauƙi, ko don wani ya ce masa an gama da ciwon. Jin sauƙin alama ce maganin yana aiki.

Ga aikin da nake ba ku a wannan wata. A yawancin ikilisiyoyinmu akwai ma'aikacin jinya ko ungozoma ko wani da ya iya amfani da na'urar awon jini. Ku roƙe shi ya zo da ita ran Lahadi. Bayan an tashi sujada, duk wanda ya kai shekara talatin ya zauna ya huta minti biyar, a auna shi, a rubuta lambobin biyu a littafi tare da kwanan wata. Fasto da dattawa su fara miƙa hannu. Wanda aka samu da 140 bisa 90 ko fiye, a sake auna shi wata rana dabam, in abin bai sauka ba a raka shi asibiti. A rufa wa kowa asiri, lambarsa tasa ce da mai awon.

Ke kuma uwargida, ranar da aka kawo sabon ƙullin gishiri, ki sa yaro ɗan makaranta ya rubuta kwanan wata a jikin ledar, ki kuma riƙa tara takardun dunƙulen da kika ɓare a cikin gwangwani ɗaya. A gida mai manya takwas, ko da a ce ba wani gishiri da yake shigowa ta wata hanya, rabin kilo ya kamata ya wuce kwana goma sha biyu. Ƙaramin dunƙule kuwa ki lissafta shi kamar giram 2 na gishiri. Ranar da ledar ta ƙare, a duba kwanan watan, a ƙirga takardun, ki kai lissafin taron zumunta ku gwama da na sauran mata. Bayan wata uku a sake fito da na'urar awon, a buɗe littafin a shafin farko. Ku rubuto mana abin da kuka samu, ko ya sauka ko bai sauka ba, za mu karanta a shirinmu ba tare da ambaton sunan kowa ba.